Gawar mota ko mai turbo da ke tashi: wacce za ka saya a Zariya?

Duk wanda son mota ya shiga jininsa a garin nan ya taɓa tsayawa a wannan mararrabar. Can bayan wani gareji a Sabon Gari ga tsohuwar BMW ko Marsandi ta shekara uku a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, busasshen ganye ya cika ƙasan gilas, mai ita ya gaji har yana cewa a kawo ko nawa ne. A wurin dillalai kuma ga Golf GTI ko BMW 335i, an wanke ta tas, an shafe tayoyi suna ƙyalli, kana murɗa makulli ta tashi, kana taka totur ka ji wannan siririn fito na turbo. Kuɗin ta biyun ya fi na farkon nesa ba kusa ba, shi ya sa zuciya ke raya maka cewa ka ɗauki mai arahar, a hankali ka tayar da ita yadda kake so.

Kafin a shiga lissafin kuɗi, ga bambancin da ya fi kowanne nauyi: motar da ke tashi za ka iya yi mata tambaya ta ba ka amsa. Za ka ji ƙararta, ka ga hayaƙinta, ka sa mata kwamfuta, ka hau titi da ita. Gawar mota kuwa ba ta magana, mai ita ne ke magana a madadinta, kuma maganar ba ta wuce guda ɗaya: "Lafiyarta ƙalau aka ajiye ta, batir kawai take so." Da batir ne kawai matsalar, da tuni ya ari na maƙwabci ya tayar da ita ya ninka kuɗinta. Wani ɓangare na ƙarin kuɗin da kake biya a kan mai tashi, damar gwaji kake saye. Amma fa damar ba ta da amfani idan ba ka san abin da za ka tambaya ba, kuma mota mai turbo da ta haura shekara goma sha biyar a duniya ita ma aikin gyara ce, sai dai nata lissafin a ɓoye yake.

Abin da turbo ke so da abin da muke ba shi

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ya juya ta ɗaya, ita kuma ta juya ɗayar da ke cusa iska cikin inji da matsi. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, gefen hayaƙi kuma zafinsa kan kai digiri 900 idan an matsa wa mota, kuma babu abin da ke riƙe da ita sai siririn baƙin mai da ke ratsawa ta wani bututu da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Da zarar man ya yi datti, ko ya yi ƙasa, ko bututun ya toshe da ƙonannen mai, kwanan turbo ya ƙare.

To ka dubi inda muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar garin fulawa, wadda matatar iska mai arha ba ta iya tarewa. Tana shiga ta riƙa cin bakin fukafukan fankar kamar ana goga su da yashi. Maris da Afrilu zafi ya doshi digiri 40, intakula da aikinsa shi ne sanyaya iskar da turbo ya matsa ba ya samun iska mai sanyi da zai yi aikin da ita, musamman a cunkoson PZ ko Kwangila. Sannan ga fetur. Gidajen man mu iri ɗaya suke sayarwa, ba a tambayarka wane kake so. Motocin nan kuwa a murfin tankinsu an rubuta lambar ingancin fetur da suke so, 95 ko 98 a ma'aunin Turai, ko 91 zuwa 93 a na Amurka. Idan fetur bai kai ba, yakan kama da kansa kafin lokaci a cikin silinda, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka a babbar giya. Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na jin wannan ƙarar ta wata 'yar na'ura da ke jikin inji, sai ya ja lokacin tartsatsi baya don ya kare injin, ƙarfi ya ragu. Motar da ba a taɓa ba tana iya jure wannan shekara da shekaru. Wadda wani ya yi wa "tunin" a Amurka ya ƙara mata matsin iska don fetur mai 93, ita ce ke fasa fistan a hanyar Kano. Ba a kuma manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba; irin waɗannan injinan masu nozul a cikin silinda su ne suka fi kowa rashin haƙuri da mai marar kyau.

Kowace da ciwon gidansu

Golf GTI ta biyar, mai inji 2.0 da ƙarfin doki 200, ita ce aka fi cin karo da ita. Injinta na farko mai bel ɗin taimin ne, kuma yana da wani ɗan ƙarfe kamar hular kwalba tsakanin kamshaf da famfon fetur mai matsi. Ƙarfen nan yana cinyewa. Idan ya huje, sai famfon ya riƙa gogar kamshaf kai tsaye, ɓarɓashin ƙarfe ya shiga mai, abin da za a canza da kuɗi kaɗan ya koma canjin kamshaf da famfo. Kusoshi uku ne ke riƙe da famfon, duba shi aikin rabin awa ne, amma ba kowane bakanike ne ya san yana nan ba. Akwai kuma bawul ɗin da ke mayar da iska idan ka ɗaga ƙafa daga totur, robarsa na yagewa, mota ta rasa ƙarfi, a ce maka turbo ya mutu alhali lafiyarsa lau. Wadda ta biyo baya, ta shida, sarƙar taimin gare ta, kuma a na shekarun farko abin da ke ɗaure sarƙar yakan saki, sarƙa ta tsallake haƙori, bawul su haɗu da fistan. Idan giyarta DSG ce, wato otomatik mai kuloci biyu, tana son canjin mai da matata duk kilomita 60,000, da man da aka yi dominta, ba jan man giya na Camry ba.

BMW 335i mai injin N54, na shekarun 2007 zuwa 2010, turbo biyu gare ta da ƙarfin doki 300, kuma a kan titi babu mai raina ta. Amma famfon fetur ɗinta mai matsi ya yi suna wajen mutuwa, alamarsa ita ce mota ta daɗe tana gurnani kafin ta kama da safe. Famfon ruwanta na lantarki ne, ba ya yoyo ko ƙara ya gargaɗe ka, rana ɗaya kawai zai tsaya, fanka ta hau ihu, zafi ya tashi. Ƙofar sakin hayaƙi ta jikin turbo tana sakin jiki ta riƙa kaɗawa kamar ƙararrawa idan ka ɗaga ƙafa. Mafi muni, gaskit ɗin gidan matatar mai yana yoyo a kan bel ɗin gaba. Bel ya jiƙe ya zame, kuma a injin nan yana iya kutsawa ta sil ɗin kiranshaf ya shige cikin inji ya toshe hanyar mai. Ɗigon man da mai sayarwa zai ce maka "ɗan gumi ne" ke nan.

Subaru WRX kuwa injinta a kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, don haka ko canza fulogi sai an yi dabara. Ba ta yafe ƙarancin mai, metal ɗin kwanrod ne ke fara tafiya. Injin 2.5 mai turbo an san shi da tsagewar gefen fistan inda ringi ke zama idan fetur bai kai ba, wato daidai matsalar da muke da ita. Bel ɗin taimin ana canza shi a mil 105,000. Tayoyinta huɗu duka suke ja, saboda haka dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Ka sa mata beljiyam huɗu kowace da uwarta, ka kashe difiransha na tsakiya. Ga shi kayanta ba a zube suke a arewa ba, sau da yawa sai an aika kasuwar Ladipo a Legas ko an yi odar waje.

Yadda ake yi wa mai tashi tambaya

Ka je da sassafe, kuma ka gaya wa dillali kada a tayar da ita kafin ka zo. Kana isa ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta don a ɓoye wani abu, ka ce za ka dawo gobe. Kunna makulli ba tare da tayarwa ba, ka tabbata fitilar cek, wato ta gargaɗin inji, da ta mai da ta jakar iska duk sun kama sannan su mutu bayan ta tashi, domin akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin tef. Sa wani ya tayar, kai ka tsaya a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. In ya fito da farko ya ɗauke, yawanci robobin bawul ne. In kuma yana fitowa bayan mota ta daɗe a tsaye tana aiki sannan aka taka, ko bayan an matsa mata an saki, turbo ake zargi. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne, tof gaskit ke nan. Ka kasa kunne a daƙiƙu uku na farko: ƙarar sarƙa da ke ɗaukewa da zarar mai ya hau, gargaɗi ne.

Sai a kashe, a cire bututun da ke kawo iska bakin turbo in ana iya kaiwa gare shi, a haska fitila. Fukafukan su kasance da kaifi, babu karaya, babu alamar sun goga bango. Kama kan sandar da yatsa biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin ba ta taɓa bango, amma motsin ciki da waje bai kamata a ji shi ba. A sassauta bututun ƙasan intakula. Danshin mai a jikin bututu abu ne da aka saba gani. Man da zai zubo ya cika murfin kwalba ko ya fi, wata magana ce.

Kwamfuta kuma kada ka tsaya a jin "babu kod", wato babu lambar matsalar da mota ta ajiye. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin sa na'urar a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar tana nuna ko gwaje-gwajen da birenbos ke yi wa kansa sun kammala. In ka ga yawancinsu ba su kammala ba, an goge kod ko an cire kan batir kwanan nan. Yi tafiyar rabin awa ka sake sawa. P0299 na nufin matsin iska bai kai ba, P0234 ya wuce kima, P0087 matsin fetur ya yi ƙasa, P0016 taimin ya goce, P0300 zuwa P0306 wata silinda na tsallake wuta. P0420 kuma sau da yawa yana gaya maka an riga an kwashe indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, an sayar.

Gwaji biyu ne masu sayarwa ba sa so, su ne kuma suka fi muhimmanci. Na farko gwajin matsin silinda: inji da ɗumi, a cire fulogi duka, a kashe famfon fetur, a taka totur ƙasa, a gwada kowace silinda a rubuta. Ba yawan lambar ne abin dubawa ba, daidaiton su ne. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. Lamba ta hau, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Na biyu shi ne ruwan gwajin lagireto, shuɗi ne, ana ɗora shi a bakin tankin ruwa inji na aiki. In ya koma rawaya, hayaƙin silinda na shiga ruwa. Wanda ya hana ka yin waɗannan a kan kuɗinka, ya riga ya ba ka amsa.

Duba kuma aikin da aka yi mata a gida. An cire tamostat? An haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga kunna makulli? Ruwan rijiya ne a lagireto ya yi ja da tsatsa? Waɗannan ukun tare suke tafiya, kuma ma'anarsu motar ta taɓa yin zafi, aka rufe alamar aka bar ciwon. Injin da babu tamostat ba ya kai zafin da aka tsara masa, birenbos ya yi ta zuba fetur da yawa, fetur ya wanke bangon silinda ya sirka baƙin mai, man da turbo ke rayuwa a kansa.

Daga nan a hau babban titi, hanyar Kaduna ta isa. A giya ta uku ko ta huɗu, daga juyi 2,000, taka har ƙasa. Ƙarfin ya zo sumul ya ci gaba. In ya zo ya yanke, ko ta yi tari, ko fitila ta yi ƙyafta, ko juyin inji ya hau gudu bai ƙaru ba, ka san akwai kwayil, famfo ko kuloci a gabanka. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 kuma a bincika ta a intanet kafin a biya ko sisi. Da yawa daga motocin da ke shigowa daga Amurka gwanjon kamfanonin inshora ne, kuma hotunan ranar gwanjon sukan fito. Hatsarin gaba da aka gyara da kyau ana iya zama da shi. Wadda ambaliya ta shanye kuwa, ka ɗaga kafet ka duba ƙarƙashin kujera, in ka ga busasshen laka ko kore a bakin soket, ka yi sallama.

Ita kuma gawar

Ba kowace ajiyayyar mota ce abin gudu ba. Amma tsarin dubawa daban ne, kuma inji ne na ƙarshe a jerin, domin inji ana sauke shi a ɗora wani. Takarda ce farko: takardar kwastam, shaidar mallaka, da lambar shasi da ta dace da abin da ke rubuce. Motar da ta daɗe a ajiye sau da yawa takardunta sun bi wani mai ita na baya, ko tana cikin gadon da ba a raba ba. Ka kashe kuɗi shekara biyu sannan wani magaji ya fito, ba ka da ta cewa. In mai sitiyari a dama ce da aka juya, kamar yawancin motocin tsere na Japan, ka bar ta; doka ba ta yarda da sitiyarin dama a titunanmu ba, juyin kuma in ba gwani ya yi ba, sitiyari da birki ne ake wasa da su.

Na biyu jiki. Yanayinmu busasshe ne, motar da ta yi rayuwarta a arewa ba ta cika ruɓewa ba, amma wadda ta zo daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara takan zo da tsatsarta, wadda kuma aka bari a gindin bishiya damina uku ganye ya toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta a ƙasan kafet. Shiga ƙarƙashi da sukurdireba ka caka: dogayen ƙarafan shasi, wurin sa jak, kan shakazoba, ramin safaya. Maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle zai nuna maka inda fanel bita ya cika da fila, domin a nan ba ya kamawa. A BMW E46 sai an duba inda gadon tayoyin baya ke ɗaure da jikin mota, wurin na tsagewa, gyaransa kuma walda ce ta gaske bayan an sauke komai na baya.

Na uku, ƙirga abin da babu. Nan ne araha ke zama tsada. Fistan da ringi ana samu. Abin da ke tsayar da aiki wata shida shi ne ƙananan abubuwa: makunnin gilas, robar ƙofa, agogon dashbod, fitilar baya ta gefe ɗaya, birenbos da makullin da aka haɗa su tare. Motar da aka ce "an fara aikin" ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, domin kusoshinta na cikin bokiti uku, wanda ya kwance kuma ya koma Abuja. Sannan ɓera. Ɓera na son wayar mota, kuma wayar da aka ci a cikin dashbod sai rewaya mai haƙuri. Marsandi na farkon shekarun 1990 ma ba sa bukatar ɓera, rigar wayar injinsu da kanta take marmashewa.

Sai yanzu inji. A cire fulogi, a zuba cokali ɗaya ko biyu na mai a kowace silinda, a bar shi kwana biyu, a sa dogon sifana a kusar kiranshaf a juya da hannu. Ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, akwai fata. Kada a tayar da shi da tsohon fetur. Fetur ɗin da ya shekara ya zama kamar danƙo, zai toshe nozul ya kashe famfo. A sauke tanki a wanke, a canza matata da robobin fetur, a zuba sabon baƙin mai, a juya inji da kik babu fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da fulogi. In mai bel ɗin taimin ne, a canza bel kafin tayarwar farko, roba ba ta san mota ba ta tafiya ba, tsufa take yi.

Jerin aikin bayan nan shi ne ruwa, birki, ƙafa, waya, sannan fenti a ƙarshe. Yawancin ayyukan da suka mutu a garejojin Tudun Wada da Samaru daga fenti da rim aka fara: mota ta yi kyau, kuɗi ya ƙare, ba ta taɓa motsawa ba. Man birki yana shan danshi, ana canza shi duk shekara biyu, a ajiyayyar mota kuwa da robobin da kalifa duka sai an bi. Tayoyi ko da zanensu bai cinye ba ka duba lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 a 2016, kuma ba tayar da za a yi gudu da ita ba ce.

Wace mota ce ta cancanci wannan wahalar? Wadda kayanta ke kusa. Fijo 504 da 505, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya haɗa da yawa, har yanzu akwai tsofaffin kanikawan da za su kwance injinsu ido a rufe, kayansu kuma tsakanin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa ba. Marsandi 190 da Bi-but haka. Mai son gudu kuma ya dubi E46 330i: silinda shida a jere, ƙarfin doki 231, babu turbo ko ɗaya, wato ta fi GTI ta biyar ƙarfi a takarda. Ciwonta sananne ne, tankin ruwa na roba, famfon ruwa, tamostat, bushin na ƙafar gaba, duk ana canza su a mako ɗaya. Abin da ban ba kowa shawara ba shi ne haɗa wahala biyu, wato gawar mota kuma mai turbo. Ba ka ji injin ba, ba ka ga hayaƙin ba, kuma kowane abu a cikinta ya ninka na marar turbo tsada. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Haka ma tunanin ɗaura wa injin da ba a yi shi da turbo ba turbo daga baya: injin 330i ma'aunin matsin silindarsa 10.2 ne, na WRX 2.0 kuwa 8.0 aka yi shi da gangan don ya karɓi ƙarin iska. Ba ɗaurawar ce aikin ba, sai an canza nozul, famfo, kuloci, an kuma sami wanda zai sake rubuta lissafin birenbos a kan fetur ɗinmu.

Lissafin da ba a yi a wurin ciniki

Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ake shigowa da shi farashinsa tafiya yake. Wannan ya fi cutar mai gawar mota, domin shi sayayyarsa a warwatse take cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma lissafin da bakanike ya yi masa yau ba shi ne na bayan sallah ba. Mai sayen mota mai tashi ya biya mafi yawan kuɗinsa a farashin yau. Shawarata ga mai gawa: duk abin da aka lissafa maka, ka ninka shi biyu, lokacin kuma ka ninka uku, in har yanzu kana so, bismilla. Ga mai turbo: kada ka kashe duk abin da ke hannunka a saye, ka bar kashi ɗaya cikin huɗu a gefe, domin za a nema.

Tambayoyi uku ne ke raba gardamar fiye da kowane lissafi. Kana da wata motar ko mashin da za ka riƙa zuwa aiki? Kana da wuri a gida mai inuwa da ƙofa inda mota za ta zauna? Kana da bakanike ɗaya da ya san irin wannan motar, ba wanda zai koya a kanta ba? Gawar mota tana son eh uku. Zancen wuri ba ƙarami ba ne: motar da ta kwana wata takwas a gareji takan zama shagon kayan gyara, yau a ari kwayil "a gwada wa wata", gobe rile, ba a mayarwa. In dole ta zauna a can, ka ɗauki hoton komai ranar da ta shiga, ka tafi gida da birenbos, fitilu da agogo, ka riƙa biya mataki mataki, kai kuma ka sayo kaya da kanka. Mai turbo tana iya zama da eh ɗaya, na bakanike, amma wannan ɗayan ba a sassauta shi, kuma in babu shi a Zariya ka san Kaduna kusan kilomita 80 ce a kan motar janwe.

Idan ka ɗauki mai tashin, makon farko ba na yawo ba ne. A zubar da duk wani ruwa da ke cikinta, domin ba ka san wa ya zuba me ba. Baƙin mai na roba zalla, 5W-40 mai lambar amincewar kamfanin, VW 502 00 ga GTI, LL-01 ga BMW. GTI ta biyar na shan kimanin lita 4.6, N54 lita 6.5. Ka manta da tazarar da littafin Turai ya rubuta, a ƙurarmu kilomita 5,000 ya isa, kuma ka sayi man a inda ka amince, jabu ya yi yawa. Matatar iska ta takarda mai kyau, a duba ta duk wata a hunturu, kada a busa ta da iskar mai faci har ta huje. Buɗaɗɗiyar matatar nan mai kama da mazurari da samari ke so saboda ƙara, ƙura take tacewa rabi ta kuma shaƙi zafin inji. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan na'urarta, a zuba ruwan lagireto rabi da rabi da tataccen ruwa. Sababbin fulogi masu lambar da aka rubuta wa injin. Bel ɗin taimin da famfon ruwa da abin ɗaurewa a canza su tare in babu shaidar ranar da aka yi. Da safe ka ba ta tafiya a hankali minti goma kafin ka matsa mata, in kuma ka sauko daga babban titi da gudu ka bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi. Farantin kariya na ƙasan inji in babu a ƙera mata, domin kaskon mai a ƙasa yake sosai, tudun rage gudu na cikin gari da ramukan damina ba su san GTI ba. Kwayil ɗaya sabo da ƙaramar na'urar karanta kod su zauna a but, tare da lita ɗaya ta irin man da ke cikin injin.